Reza mai baki uku, kilifa ko hodar aski: wanne ya fi wa mai ƙurajen aski?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikacin banki ne a nan Jos. A wurin aikinmu ana son a ga fuska fes, don haka kusan kullum da safe nake aske gemu da reza mai baki uku. Kan rezar guda ɗaya naira 2,500 nake saya, kuma mako ɗaya yake yi mini. Ranar Juma'a ina zuwa shago a yi mini aski da gyaran fuska a kan naira 1,000. Ga kuɗi suna tafiya, ga ƙuraje sun cika mini wuya da ƙasan haɓa, har sun fara barin baƙin tabo. Wasu abokaina sun ce in koma mai baki biyar, wasu sun ce in gwada hodar aski. Wanne ya fi, kuma wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ka ajiye maganar mai baki biyar ɗin nan. Idan mai baki uku ta yi maka haka, mai biyar sai abin da ya ƙaru. Abin da kake fitar da kuɗinka kana saya, wato sulɓin nan da kake ji idan ka shafa haɓa bayan aski, shi ne ainihin abin da yake jawo maka ƙurajen. Kana biyan kuɗin sulɓi, gobe kuma ka biya kuɗin magani.

Gashin yawancinmu baƙar fata ba miƙaƙƙe ba ne. Tun daga tushensa a cikin fata a lanƙwashe yake, kuma idan aka yanka shi aka duba ta madubin ƙara girma, za a ga ba kewayayye ba ne, faffaɗa ne, shi ya sa yake nannaɗewa. Reza kuwa a karkace take yanke shi, ta bar masa tsini. Idan ya fara tsirowa, maimakon ya miƙe ya fito, sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke gefensa. Wani ma ba ya samun fitowa, tun yana ciki yake huda gefen raminsa ya bi ta ƙarƙashin fata. Jiki ba ya tantance cewa gashinsa ne. Yana ɗaukarsa kamar ƙaya ce ta shige shi, sai wurin ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara ruwa. Idan ya lafa, sai ya bar baƙin tabon da kake gani, domin fatarmu tana saurin tara baƙi a duk inda ta ji ciwo. Wannan ba ƙazanta ba ce, ba kuma dattin jini ba ne kamar yadda wasu ke cewa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Tsarin gashin ne ya gamu da irin askin da bai dace da shi ba.

To, ita reza mai baki da yawa, dabarar da aka ƙera ta a kai ita ce bakin farko ya kama gashin ya ɗan ja shi waje, kafin ya koma sai na biyu da na uku su yanke shi. Idan ya saki, sai guntun ya koma ƙasa da saman fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan abin so ne, yana kwana biyu fuskarsa sumul. Ga mai nannaɗaɗɗen gashi kuwa an binne masa tsini ne a cikin fata. Ƙari a kan haka, duk jan da ka yi sau ɗaya, baki uku ne suka bi ta kan fatarka. Idan ka maimaita sau uku a wuri guda, kamar yadda mai sauri da safe yake yi, baki tara ke nan suka kankare wurin.

Yana da kyau ka san inda waɗannan rezoji suka fito, domin zai taimaka maka ka daina ganin yawan baki a matsayin inganci. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, shi ya kafa kamfaninsa a 1901 a kan dabarar siririn baki da ake amfani da shi a yar. A 1903 reza 51 kawai ya sayar da baki 168. Abin da ya ɗaga shi shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka raba wa sojojin Amurka rezoji sama da miliyan uku a 1918, suka koma gida da al'adar aske fuska da kansu kullum. Kusan shekara saba'in baki ɗaya ake amfani da shi. Sai a 1971 aka fito da mai baki biyu, a 1998 Mach3 mai baki uku, a 2006 Fusion mai biyar. Kowane sabon kai ba ya shiga tsohon mariƙi, kuma ba ya shiga na wani kamfani. Ana sayar maka da mariƙin da sauƙi, ribar tana cikin kan da za ka yi ta saya har tsufanka. Ba laifi ba ne, kasuwa ce. Amma ka lura ba a nan ake ƙera su ba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabo, kan reza kuma yana ciki.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Naira 2,500 sau 52 ya kama 130,000 a shekara. Kuɗin shago, 1,000 sau 52, ya kama 52,000. Jimla 182,000, ba a sa kumfa da turaren bayan aski da mayukan da na tabbata ka riga ka saya don ƙurajen ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Ke nan askinka kaɗai yana cin abin da ya haura albashin wata biyu da rabi na ƙaramin ma'aikaci. Yanzu mu ƙaddara ka koma reza mai baki ɗaya, irin ta da ɗin nan da ake kwance mariƙinta a saka falle guda, ko Tiger ce ko Super-Max ko Dorco. Ko da za ka sayi falle ɗaya naira 100, ka canza sau biyu a mako, 10,400 ne a shekara. Mariƙin ƙarfe kuwa sau ɗaya ake saye. Duk lokacin da za ka kwatanta kayan aski, kada ka dubi kuɗin da ke jikin kwali. Ka raba shi da yawan askin da zai yi maka, a nan gaskiyar take fitowa.

Amma abin da nake ba wa irinka shawara a kai ba reza ba ce ma, kilifa ce, taka ta kanka. Kilifa ba ta jan gashi, kuma ba ta shiga ƙasa da fata. Tana barin guntu kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya a waje. Wannan ɗan tsawon shi ne maganin, domin gashin da kansa ya riga ya fito waje ba ya huda raminsa ta ciki. Daga nesa, ko daga bayan kanta a banki, mutum ba zai bambanta fuskar da aka bi da kilifa da wadda aka bi da reza ba, musamman a baƙar fata. Kai ne kawai za ka ji kaushi idan ka shafa. Gashin gemu yana tsawon kusan sulusin milimita a rana, don haka bi ɗaya duk kwana biyu ya wadatar da mafi yawan mutane. Mu ƙaddara ka sami mai caji mai kyau a kan naira 30,000, a Terminus ko a shagunan titin Ahmadu Bello. Kuɗin kan reza na mako 12 ne. Daga nan sai ɗigon mai a haƙoranta da ɗan caji. Ka nemi mai caji saboda yanayin wuta, kuma ka duba da kyau, domin jabun Wahl da Philips sun yi yawa a kasuwa. Wadda ta cika araha, ba ta da nauyi a hannu, kwalinta da kurakuran rubutu, ka bar musu kayansu.

Akwai sharaɗi ɗaya. Masu aski suna da al'adar kwance haƙoran kilifa su wasa su, su daidaita na sama da na ƙasa dab da dab, don ta ci gashi tas ta fitar da layi. Irin wannan kilifar reza ce a wata siffa. Tana yankan fata, tana barin tsini. Idan ka sayi taka, ka bar ta yadda aka ƙera ta, kada ka ba kowa ya "gyara" maka bakinta.

Maganar kilifa taka ta kanka ta wuce ƙuraje. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018, wanda aka fi sani da NAIIS, ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ƙwayar wannan cuta tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe ba ta mutu ba, kuma ta fi ƙanjamau saurin kamuwa nesa ba kusa ba. Mutane ƙanjamau suke tsoro a shagon aski, alhali ciwon hanta ne ya fi cancanta a ji tsoronsa. Mai ƙuraje kamarka ya fi kowa shiga haɗari, domin kilifa tana fasa kan ƙurji ta fitar da ɗan jinin da ba a ma lura da shi. Abin da ake yi a shaguna da yawa, a fesa sifirit sau ɗaya a goge nan take, ko a wuce da wutar laita ta kan haƙora cikin daƙiƙa biyu, ko a ɗiga fetur ko kananzir, ba ya kashe abin da ake son kashewa. Ba na ɗora wa masu aski laifi duka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai shagon da ke ƙona fetur a janareto yana kallon layin mutane ranar Alhamis da dare ko safiyar Juma'a ba shi da sukunin jiƙa kilifa minti goma tsakanin kai da kai. To kai ka tafi da taka, da buroshinka. Makero ma ta buroshi da mataji ya fi yawo, musamman a kan yara. Idan za a fitar maka da layi da reza, a ɓare sabuwa a gabanka. Kuma ka je a gwada jininka, idan ba ka da ciwon hanta a yi maka allurar rigakafi guda uku cikin wata shida. An sa ta cikin alluran jarirai a Najeriya ne a 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan akwai yiwuwar bai samu ba.

Hodar aski, irin su Magic, tana da wurinta. Ba yanka gashi take yi ba, narkar da shi take da sinadari, shi ya sa ba ta barin tsini, kuma akwai mutanen da ita ce ta raba su da ƙuraje. Tana da araha a kan kan reza. Matsalarta ita ce abin da zai narkar da gashin gemu ba ya jin tausayin fata. Ga wari, ga ƙuna idan ta wuce mintunan da aka rubuta a jikin gwangwani. Ba a shafa ta a kan fatar da ke da ƙurji ko rauni, ba a yin ta kullum, kuma ba a yin ta a fuskar da reza ta bi jiya. Kai a halin da wuyanka yake ciki yanzu, ba taka ba ce. Idan ya warke kana son gwadawa, ka fara shafa kaɗan a gefen wuya, ka jira kwana biyu ka ga yadda fatar za ta yi. A Jos kuma sai an ƙara hattara da ita daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da fata har tana tsagewa.

Idan akwai ranar da dole sai reza, bikin aure ko ganawa da manya, to ka yi da mai baki ɗaya, sabuwa. Ka yi bayan wanka da ruwan ɗumi, ko ka ɗora tawul mai ɗumi minti uku, domin gashin da ya sha ruwa ya fi laushi ƙwarai. Na san wahalar wannan a sanyin asubahin Jos, inda mutum yake son ya watsa ruwa ya fice, amma busasshen aski da ruwan sanyi yana cikin abin da ya kawo ka nan. Ka sa kumfa ko man aski, ba sabulun wanka mai busar da fata ba. Ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka tare shi. A nan mutane da yawa suke kuskure, suna zaton gashin fuska duk ƙasa yake kallo. A kumatu haka ne, amma a wuya wani sama yake kallo, wani gefe, wani ma zagaye yake yi kusa da maƙogwaro. Ka bar shi kwana uku, ka bi da yatsa: inda ka ji santsi, nan ne kwanciyarsa. Kada ka ja fatar da ɗaya hannun don ta miƙe, domin idan ka saki, gashin ciki yake komawa. Ja ɗaya a kowane wuri, ba dannawa. Idan ka gama, ruwan sanyi, sai ɗan man kaɗanya ko mai marar turare. Turaren bayan aski mai raɗaɗin nan ba ya hana ƙurji, busar da fata kawai yake yi. Idan ka yanke, ɗan alif da aka jiƙa yana tsayar da jinin. Ka wanke rezar ka busar da ita, kada ka bar ta a jiƙe a banɗaki.

Wani zai ce ai iyayenmu da aska wanzami yake musu ƙwal-kwabo, ba mu ji suna kukan ƙuraje ba. Akwai gaskiya a ciki. Aska baki ɗaya ce, wanzami yana jiƙa gashi sosai yana murzawa kafin ya ɗora ta, kuma ba kullum ake yi ba, sai a yi mako ko fiye. Ƙasan haɓa da wuya kuwa, inda matsalar ta fi tsanani, yawancinsu ba sa taɓawa, tunda gemu suke bari, a gyara gefe a rage gashin baki. Aske fuska tas kowace safiya al'adar bariki ce da aikin ofis. Har yau idan ka duba sahun masallaci a Unguwar Rogo ko titin Bauchi, masu gemu ba su ne masu tabon wuya ba. Hukuncin aske gemu a addini fagen malamai ne, ni dai abin da fata take nunawa nake faɗa. Askar da ke cikin zabira kuma, idan ita ce ta bi kan mutum goma a rana, tana da irin haɗarin da na ambata a kan kilifa. Wanzamai da yawa yanzu sun koma mariƙin da ake sa rabin reza sabuwa ga kowane mutum, kuma wannan shi ne daidai.

Af, kada tsoron cewa aski yana ƙara wa gashi kauri ya dame ka. An gwada wannan tun 1928, ba ya ƙarawa. Guntun da aka yanke ne yake da kaushi a hannu.

Yanzu ga abin da za ka yi wa wuyan da ya riga ya lalace. Mataki na farko shi ne ka daina sa reza gaba ɗaya na mako huɗu. Idan gashin ya yi tsawo, da kansa yake fizge tsininsa daga cikin fata, ƙurajen su kwanta. A kwanakin farko za ka ga kamar abin ƙaruwa yake yi, kada ka karaya. Kullum da dare ka ɗora tawul mai ɗumi, ka bi wurin a hankali da buroshin haƙori mai laushi wanda ka ware don haka. Gashin da ka ga ya yi lanƙwasa ya shige, za ka iya ɗago kansa da allura mai tsabta da aka goge da sifirit. Ɗagowa kawai, ban da tugewa, domin wanda aka tuge idan zai sake fitowa a ciki yake maƙalewa. Ban da matsewa da farce, shi ke ƙara baƙin tabo.

Magunguna suna nan, kuma ba su da tsada sosai: man haidirokotizon mai kashi 1 na 'yan kwanaki don ƙaiƙayi, benzoyil feroksaid ko kilindamaisin na shafawa idan akwai ruwa, adafalin da dare don sakin gashin da rage tabo. Idan abin ya yi yawa akan haɗa da ƙwayoyin doksisaikilin na wasu makonni. Amma a ga fatar tukuna kafin a rubuta, domin akwai ƙurajen da ƙwayar cuta ce ko naman gwari ke kawo su, suna kama da waɗannan, maganinsu daban. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne mayukan nan da ake kira uku-a-ɗaya da ake miƙo wa mutum a kemis ba tare da takarda ba. Akwai sitiroyid mai ƙarfi a cikinsu. Mako na farko za ka sa musu albarka, bayan wata biyu fatar ta yi siriri, ta yi dabbare-dabbare, ƙurajen su dawo da 'yan'uwansu. Na ga waɗanda suka shafa man birki, da ruwan batir, da wani ruwa marar suna da ake sayarwa a kwalba a shagon aski wai yana ƙone ƙurji. Yana ƙonewa kam, har da fatar. Garin neman gira aka rasa ido.

Ka sa a duba maka ƙeyarka ma. Idan akwai ƙananan ƙuraje masu tauri a layin da mai aski yake kankarewa, wannan wani ciwo ne daban, kuma ya fi na gemu naci. Idan aka bar shi yakan haɗe ya zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa. Ka hana a sa reza a wurin, ka rage kwalar riga mai tauri da ke gogarsa, ka je sashen fata na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos tun yana ƙanana, lokacin da mai ko allura za su iya kwantar da shi. Ga wanda duk aka yi abin ya ƙi, akwai cire gashi da hasken leza, amma sai nau'in Nd:YAG wanda ya dace da baƙar fata, domin sauran suna iya ƙona ta. Yana da tsada, ana maimaita shi sau da dama, kuma a manyan birane irin su Abuja da Legas aka fi samunsa.

Saura wurin aiki, wanda na san shi ne zai fi tsaya maka a rai. Wannan lalura ce da likitoci suka sani, har rundunar sojan Amurka, wadda ta yaɗa askin kullum ɗin, ta shafe shekaru da dama tana ba sojojinta masu wannan matsala, akasari baƙar fata, takardar likita ta barin ɗan gajeren gemu. Idan ka zo aka duba ka, za a rubuta maka takarda cewa kana buƙatar mako huɗu ba reza, bayan haka kuma kilifa kawai. Ka kai wa sashen kula da ma'aikata da kanka kafin wani ya yi maka magana, ka riƙa gyara gefen kumatu da gashin baki don a ga da gangan ne ba sakaci ba. Idan kana da hutun shekara da ba ka ɗauka ba, ka haɗa makonni biyun farko da shi, su ne lokacin da fuskar ta fi muni.